Daga Honolulu zuwa Guam: jirgin kai tsaye ko mai yada zango a tsibirai biyar?

Ruwan Tekun Fasifik da ya raba Honolulu, babban birnin jihar Hawaii ta Amurka, da tsibirin Guam ya kai kusan kilomita 6,100, kuma kamfanin United yana da hanya biyu ta ƙetare shi. Ta farko babban jirgi ne, galibi Boeing 777, wanda yake tashi bayan azahar ya miƙe sak, ya sauka Guam cikin awa 7 da rabi zuwa 8. Ta biyu ƙaramin jirgi ne, Boeing 737 mai lamba 154, wanda aka fi sani da Island Hopper. Shi tun da safe yake barin Honolulu, ya yada zango a Majuro, Kwajalein, Kosrae, Pohnpei da Chuuk, sannan ya isa Guam bayan awa 14 zuwa 15. A jadawalin da aka saba gani, kusan tare suke isa, wajen ƙarfe 6 na yamma agogon Guam. Wato fasinjan jirgin farko zai yi barcin safensa, ya ci abincin rana a Honolulu, kuma ya tarar da wanda ya yi sammako a wajen ɗaukar kaya.

Idan a nan maganar ta ƙare, babu abin da za a zaɓa. Amma mutanen da ke tambayar wanne ya fi ba buƙatarsu ɗaya ba, kuma da yawansu suna kallon taswira ne su auna kilomita, alhali a tsakanin tsibiran da suka yi nisa da kowa, kilomita ce ƙaramar magana.

A fara da lissafin tazarar. Zangon farko, Honolulu zuwa Majuro, shi ne dogo: kimanin kilomita 3,670, awa 5 a sama, babu komai a ƙasa sai ruwa. Daga nan zangunan sai su gajarce. Majuro zuwa Kwajalein kilomita 430 ne, Kwajalein zuwa Kosrae kusan 650, Kosrae zuwa Pohnpei 550, Pohnpei zuwa Chuuk 700, sai na ƙarshe daga Chuuk zuwa Guam mai kilomita 1,020. Jimilla ta ɗan haura 7,000. Ratsen da jirgin zango-zango yake yi ƙarin kusan kilomita 900 ne kawai a kan miƙaƙƙiyar hanya, tazarar da jirgi mai gudu a sararin sama zai cinye cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. To ina sauran awa biyar ko shida suka shige?

Fiye da rabinsu a ƙasa suke tafiya. Kowane zango yana cin minti 40 zuwa 45: a sauke mutane da kaya, a loda wasu, a sha mai, a binciki cikin jirgi. Sau biyar ke nan, kusan awa 3 da rabi jirgi yana tsaye. Ragowar kuma tashi da sauka ne suke lashewa. Jirgi ba ya kai cikakken gudunsa sai ya haye can sama inda iska ta yi sirara, kuma hawan yana ɗaukar minti 20 ko fiye, saukowa ma kusan haka. Idan jirgi bai kai tsayin ƙafa 10,000 a sama ba, ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada gudu ya wuce kimanin kilomita 460 a awa. Sannan ƙananan filayen nan yawanci ba su da wata hanya a gefen titin sauka, don haka jirgi yakan bi titin har ƙarshensa, ya juyo, kafin ya tashi. Shi ya sa zangon Majuro zuwa Kwajalein yake cin kusan awa guda a kan kilomita 430, yayin da jirgin kai tsaye yake share kusan kilomita 800 a kowace awa idan aka raba tafiyarsa duka. A gajeren zango, jirgi bai gama hawa ba sai ya fara shirin sauka.

Wannan ita ce ƙa'idar da ya kamata mai shirin tafiya tsakanin tsibirai ya riƙe: ya ƙirga yawan saukar da jirgi zai yi kafin ya ƙirga kilomita. Kowace sauka tana ƙara masa awa ɗaya da wani abu, ko da tsibirin yana kan hanya daidai.

Akwai kuma ma'aunin da ya fi wannan nauyi, wato kwanaki. Jirgin kai tsaye kullum yake tashi; idan ya kuɓuce maka yau, gobe akwai. Na zango-zango 'yan kwanaki ne kawai a mako, kuma a wasu ranakun ma yana tsallake Kosrae. Wanda ya sauka a Kosrae da niyyar kwana ɗaya zai iya samun kansa yana jiran kwana uku ko huɗu kafin jirgin da ya nufi inda yake so ya sake biyowa. Tsakanin Kosrae da Pohnpei awa ɗaya ce a sama, amma idan yau Talata ce jirgi kuma sai Juma'a, to nisan da ke tsakaninsu a gare ka kwana uku ne.

Ba a Fasifik kaɗai abin yake haka ba. Akwai zanguna uku a duniya da tsawonsu ya yi kusan daidai, kuma kwatanta su yana fito da maganar fili. Honolulu zuwa Majuro kilomita 3,670 ne. Santiago ta ƙasar Chile zuwa Rapa Nui, wanda ake kira tsibirin Easter, kusan 3,760. Johannesburg zuwa tsibirin Saint Helena da ke kudancin Tekun Atlantika kimanin 3,700. A taswira kamar an auna su da igiya ɗaya. Rapa Nui tana da titin sauka mai tsawon fiye da kilomita 3, wanda aka tsawaita a shekarun 1980 da kuɗin Amurka domin kumbon hukumar NASA ya samu wurin saukar gaggawa. Saboda haka babban jirgi irin Boeing 787 na kamfanin LATAM yana zuwa can cikin awa 5 zuwa 5 da rabi ba tare da tsayawa ba, kusan kowace rana. Saint Helena kuwa titinta bai kai kilomita 2 ba, yana kan tudu kusa da gaɓa mai tsayi, kuma iskar da ke sauya alkibla ba zato ta hana manyan jiragen fasinja fara aiki lokacin da aka kammala filin a 2016. Sai a Oktoban 2017 kamfanin Airlink ya soma zuwa da ƙaramin jirgi ƙirar Embraer, wanda yake tsayawa shan mai a Namibiya a hanyar zuwa, tafiyar ta kai wajen awa 6, sau ɗaya a mako a yawancin watanni. Kafin wannan, jirgin ruwa ne daga Cape Town, kwana 5. Tazara ɗaya, amma tsawon titin sauka da yanayin iska su ne suka yanke irin jirgin da zai je, irin jirgin kuma ya yanke awoyi da kwanaki.

Mu koma Fasifik. Titin Kosrae kimanin mita 1,750 ne kacal, na Chuuk mita 1,830 ne ko kusa da haka, kuma ruwa ne a bakin kowannensu. Irin wannan titi ba ya ɗaukar 777, shi ya sa 737 ne ke wannan aiki. Pohnpei kuma tana cikin wuraren da aka fi tafka ruwan sama a duniya. Idan hadari ya rufe fili matuƙi bai ga titi ba, zai yi shawagi ya sake gwadawa, in bai yiwu ba ya wuce tsibiri na gaba da fasinjojin da ya kamata ya sauke. Wannan ba sakaci ba ne, shi ne daidai, kuma abin da ya faru a Chuuk ranar 28 ga Satumba 2018 ya isa hujja: jirgin Air Niugini ƙirar 737 da ya taso daga Pohnpei ya ci gaba da saukowa cikin ruwan sama, ya faɗa tafkin teku kafin ya kai bakin titi. Mutanen gari ne suka garzaya da ƙananan kwale-kwale suka kwashe jama'a. Cikin mutum 47 da ke ciki, ɗaya ya rasu. Don haka fasinjan da aka wuce da shi gaba saboda hadari ya yi haƙuri, amma kuma ya san cewa irin wannan jinkiri yana cikin lissafin hanyar tun farko.

Jirgi mai sauka sau shida yana da wurare shida da yanayi zai iya tsayar da shi, kuma jinkirin zangon farko yana bin sa har na ƙarshe. Ga kuma matsalar gyara. A babban fili, idan wani abu ya lalace akwai makanikai da kayan gyara a kusa. A Kosrae babu. Wannan ne ya sa jirgin zango-zango yake tafiya da makanikinsa da wasu kayan gyara a ciki, da matuƙa huɗu, domin awoyin sun fi ƙarfin abin da doka ta yarda mutum biyu su yi. Idan matsalar ta fi ƙarfin abin da aka ɗauko, sai a jira wani jirgi ya kawo daga Guam ko Honolulu.

Shi ma jirgin kai tsaye yana da nasa lissafin, ko da fasinja ba ya gani. Jirgi mai inji biyu ba a barinsa ya yi nisa da filin da zai iya sauka cikin gaggawa fiye da adadin mintocin da aka amince masa. A da minti 60 ne, yanzu ana ba jiragen da suka cancanta minti 180 ko fiye. Ƙananan filayen da ke warwatse a tekun, irin su Majuro, Kwajalein da tsibirin Wake, su ne madogarar da ta sa manyan jirage suke iya miƙewa a kan ruwa. Kuma idan tsibirin da aka nufa ba shi da wani fili kusa da za a karkata zuwa gare shi, ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ce a ɗauki ƙarin man da zai isa shawagin awa 2. Nauyin wannan man yana rage yawan mutane da kayan da za a ɗauka, kuma yana daga cikin dalilan tsadar tikiti zuwa tsibirai masu nisa.

Agogo ma yana rikita mutane a wannan hanya. Tsakanin Honolulu da Majuro ake ƙetare layin sauya kwanan wata. Majuro tana gaban Honolulu da awa 22, Kosrae da Pohnpei da awa 21, Chuuk da Guam da awa 20. Wanda ya tashi Litinin da safe zai sauka Majuro Talata da hantsi, bayan awa 5 kacal a sama. A dawowa kuwa, jirgi mai lamba 155 yana barin Guam da safe ya isa Honolulu wajen ƙarfe 3 na dare, a kwanan watan da ya tashi. Duk wanda ya cire lokacin tashi daga lokacin sauka yadda aka rubuta a tikiti zai samu amsar da ba ta da ma'ana, kuma an sha kama ɗakin otal a ranar da ba ita ba saboda wannan. Ko wane jirgi ka zaɓa, layin yana nan. Bambancin shi ne mai zango-zango yana sauya maka agogo sau uku a yini ɗaya.

Sai batun takardu, wanda a ganina ya fi komai saurin ɓata wa baƙo tafiya. Hawaii jiha ce ta Amurka, Guam kuma yanki ne a ƙarƙashinta, kuma Amurka ba ta barin mutum ya ratsa filayenta ba tare da izinin shiga ba ko da canjin jirgi kawai zai yi. Jirgin kai tsaye yana tashi daga ƙasar Amurka ya sauka a ƙasar Amurka. Na zango-zango kuwa yana fita zuwa ƙasashe biyu masu cin gashin kansu, Jamhuriyar Tsibiran Marshall (Majuro da Kwajalein) da Tarayyar Jihohin Maikironesiya (Kosrae, Pohnpei da Chuuk), sannan ya sake shigowa, don haka a Guam za a bi layin jami'an shige da fice. Mai bizar shiga sau ɗaya ya tsaya ya tabbatar da matsayinsa kafin ya biya kuɗin tikiti. Wanda kuma zai kwana a ɗaya daga cikin tsibiran ya duba sharuɗɗan ƙasar da kanta. Abin sauƙin shi ne dalar Amurka ake kashewa a duk zangunan.

Kwajalein daban take. Sansanin sojan Amurka ne inda ake gwajin makamai masu linzami, kuma babu mai sauka sai wanda yake da izini ko wanda za a raka zuwa jirgin ruwan da ke kai mutane tsibirin Ebeye da ke kusa. Sauran fasinjoji a kujerunsu suke zama, kuma an hana ɗaukar hoto. A sauran zangunan ana iya saukowa a miƙe ƙafa a ɗan ɗakin jira, da kayan hannu, minti 20 ko 30, a koma. Wanda yake zaton zai ga tsibirai biyar a yini ɗaya ya rage buri: zai ga filayen jirgi huɗu da abin da taga ta nuna masa.

Sai dai abin da tagar take nunawa ba ƙarami ba ne, kuma a nan ne nake fahimtar masu zaɓar doguwar hanya da gangan. Majuro siririyar ƙasa ce ta murjani da ta yi zobe ta kewaye tafkin teku, ba ta fi 'yan mitoci sama da ruwa ba, a wasu wuraren faɗinta bai wuce hanyar mota da gidajen gefenta ba. Ƙasa ta yi ƙaranci har titin jirgin kansa an mayar da shi matarar ruwan sama da garin yake sha. Tafkin Kwajalein yana cikin mafiya girma a duniya. Daga nan sai yanayin ya sauya gaba ɗaya: Kosrae da Pohnpei duwatsu ne dogaye, kore shar, gajimare na zaune a kansu. Jirgin kai tsaye yana wucewa can arewa da duk wannan, a kan ruwa zalla. Wanda yake son gani ya tafi ta yamma, daga Honolulu zuwa Guam, domin rana tana tare da shi kusan har ƙarshe, kuma dogon zangon yana zuwa ne da farko lokacin da jiki bai gaji ba. A hanyar dawowa duhu yana kama jirgi wajen Tsibiran Marshall, sannan ga awa 5 a kan ruwa cikin dare bayan an riga an sauka sau biyar. Ya nemi kujerar taga wadda fiffike bai tare ba, ya kuma riƙe ɗan abin ci da ruwa, don yinin yana da tsawo kuma kujerun 737 ba a yi su don zaman awa 14 ba.

Ya kamata kuma baƙo ya tuna cewa ba dominsa aka kafa wannan hanya ba. Tun 1968 kamfanin Air Micronesia ya fara ta da Boeing 727, daga baya ta koma hannun United bayan haɗewarsa da Continental, uwar kamfanin Air Micronesia. Ga mazauna tsibiran, wannan jirgi shi ne motar kasuwa, shi ne mai kawo wasiƙa da magani, shi ne hanyar zuwa babban asibiti. Yarjejeniyar da Tsibiran Marshall da Maikironesiya suka ƙulla da Amurka, wadda ta fara aiki a 1986, ta ba 'yan ƙasashen biyu damar zama da aiki a Amurka ba tare da biza ba, don haka iyalai da yawa sun rabu tsakanin tsibiran da Guam da Hawaii da cikin Amurka, kuma wannan jirgi ne ke haɗa su. Za ka ga ana loda akwatunan ƙanƙara cike da kifi ana kai wa 'yan uwa. Kujerar da mai yawon buɗe ido ya riƙe tun daga Honolulu har Guam kujera ce da wani mai larura zai iya buƙata tsakanin Chuuk da Guam. Ban ce kada a hau ba, amma a lokutan cunkoso kamar ƙarshen shekara da hutun makarantu, wanda ba shi da abin yi a tsibiran ya kyauta idan ya bi ta kai tsaye.

To wa ya kamata ya hau wanne? Idan Guam ce manufarka, ko za ka canza jirgi a can zuwa Palau, Yap, Manila ko Tokyo, hau na kai tsaye ba tare da dogon tunani ba. Haka mai tafiya da ƙananan yara, da dattijo, da mara lafiya, da wanda yake da taro washegari. Awa 6 ko 7 da za ka tsira da su ba su ne babbar riba ba; babbar ribar ita ce sauka ɗaya maimakon shida, da tabbacin cewa gobe akwai wani jirgin.

Idan kuwa ɗaya daga cikin tsibiran ka nufa, tambayar ta koma ta wace ƙofa za ka shiga. Majuro ta Honolulu ake zuwa mata, awa 5. Daga Guam sai an yi sauka huɗu kafin a kai, kusan awa 9. Chuuk kuma ƙofarta Guam ce, awa ɗaya da rabi, yayin da daga Honolulu ta hanyar zango-zango sai an haura awa 12. Pohnpei tana tsakiya: kusan awa 10 daga Honolulu, ƙasa da awa 4 daga Guam. Wanda ya riga yana Hawaii zai fi samun sauƙi ya bi zangunan har Pohnpei maimakon ya yi awa 8 zuwa Guam, ya jira, sannan ya dawo baya. Wanda ya taso daga nahiyar Asiya kuwa babu dalilin da zai sa ya zagaya ta Honolulu, tunda Tokyo da Manila kowacce awa 4 ce ko ƙasa da haka daga Guam.

Ga mai son ganin yankin da gaske, shawarata ita ce kada ya yi tafiyar a zama ɗaya. Awa 14 a kujera domin leƙen taga sau biyar wahala ce mai yawa a kan riba kaɗan. Ya fi ya yanka ta gida biyu ko uku. Pohnpei ta cancanci kwanaki: a can ne kufan Nan Madol yake, tsohon birni da aka gina da manyan duwatsu a kan ƙananan tsibiran da mutane suka cike da hannunsu, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2016. Chuuk kuma ta masu nutso ce, saboda jiragen ruwan Japan da harin Amurka na Fabrairun 1944 ya nutsar a tafkinta suna nan kwance har yau. Yanka tafiyar yana ƙara kuɗin tikiti sosai, domin gajerun zangunan nan suna da tsada idan aka kwatanta da tsawonsu, ga shi babu gasa ta a zo a gani tsakanin kamfanoni. Kuma yana buƙatar a zauna da jadawali a ga ranakun da jirgi yake biyowa ta kowane tsibiri, a gina tafiyar a kansu, ba a tsara kwanaki sannan a nemi jirgi ba.

Duk wanda ya bi ta zangunan, ko a zama ɗaya ko a yanke, ya bar aƙalla kwana ɗaya cikakke a Guam ko Honolulu kafin jirginsa na komawa gida, musamman idan tikitin na wani kamfani ne dabam wanda ba zai ɗauki nauyin jinkirin ba. Idan kuma akwai kwana a Kosrae cikin shirin, ya mayar da shi kwana biyu.